Harafin G

Kwana biyu bayan arba'in ɗin Baba
na zuge jakar da yake ratayawa.
Ga faifan ajiyarsa, baƙi, kamar guntun sabulu,
wayarsa a naɗe da robar ɗaurin kuɗi.
Shekara goma sha tara yana ɗaukar hoto a Fagge,
duk suna cikin abin da bai cika tafina ba.

Kwamfutarsa ta riga shi mutuwa.
Yaya Mudassir ya kwaso manhajar ya zuba a tawa,
na jona faifan, fitilarsa ta kyafta,
sunaye suka jeru yadda ya bar su:
Bikin Gwammaja, Saukar Yakasai, Fasfo, 'Yan ƙwallon Kurna.
Na buɗe. Fanko.
Inda ya kamata a ga fuska
sai alamar tambaya, ɗari bisa ɗari,
kamar an tara jama'a an kwashe musu kai.

Ranar jana'iza idona bushe yake.
Ran nan kam har gefen mayafi ya jiƙe.

Na tari adaidaita zuwa titin Beirut.
Ƙarƙashin wani bene, tsakanin janareta biyu masu gardama,
na sami Nazifi yana cin gurasa.
Ya goge mai a gwiwar wando,
ya kama linzami, ya leƙa, ya yi 'yar dariya.

"Malama, ko ƙwaya ba ta zube ba.
Sallama ake yi a ƙofar da ba tasa ba.
Manhajar nan G ta sani,
G take kira tun safe,
shi kuwa injinki ya raɗa masa E.
Yana zaune, yana ji, bai san da shi ake ba."

Na ce, to ina A, ina B?
Na ga lissafin daga C ya fara.
Ya ce, "Na tsofaffin faifai ne, an daina yayinsu,
amma ba a cika ba wa baƙo ɗakinsu ba.
C kuwa mai gida ne,
wanda ya taɓa shi ya kwana a waje."

Ya danna dama, ya zaɓi canji,
haruffa suka sauko kamar tsani.
Injin ya tsaya ya tambaya ko mun tabbata,
wai akwai masu dogaro da sunan,
in an sauya za su yi ɗimuwa.
Na ce a raina, ai na sani.
Ya danna eh.

Sai fuskoki suka fara dawowa,
layi-layi, kamar masu fitowa daga masallaci:
ango da hula a karkace,
yaro riƙe da allo yana hararar rana,
wani tsoho da ya ƙi murmushi a fasfo har sau shida.

Can ƙasa akwai jaka guda, sunanta Iya.
Na ɗauka kakata ce.
Na buɗe, sai ga ni:
ni da giɓi, ni da rigar firamare,
ni ina barci da cokali a hannu.
Sunan mahaifiyarsa aka sa mini,
bakinsa bai taɓa iya cewa Hansatu ba.

A makaranta Hansatu, a ofis Malama,
a katin banki an ma cinye mini harafi ɗaya.
Duk ina amsawa.
Amma akwai abin da ke cikina, cike, ba ya buɗuwa,
tun da mai kiran Iya ya yi shiru.

Na ce nawa ne? Ya ce, "Harafi ɗaya?
Ki sai mini ruwan leda."
Ya yago farar salatif ya manna a bayan faifan,
ya rubuta G da biro mai tsiyaya.

A ƙofar gida Yaya ya tare ni:
"Hansatu, an dace?"
Sai da ya maimaita
kafin na waiwaya.